Makaho, Waƙa Da Wayar Shafa: Laifin Injiniya Ko Namu?

A zangon karatun da ya gabata malaminmu na adabin baka ya ba mu jinga. Ya ce kowa ya zaɓi waƙa ɗaya daga cikin waƙoƙin makaɗan Hausa, ya saurare ta, ya rubuta ta tun daga gindi har ɗanta na ƙarshe, sannan ya fito da turkenta da salonta. Mako biyu ya ba mu. Ni na gama tawa a kwana huɗu. Abokin ɗakina, wanda ya fi ni kunne nesa ba kusa ba, bai gama tasa ba sai a daren da za a wayi gari a miƙa, kuma ko a wannan daren ni ne na zauna kusa da shi ina danna masa waya har ƙarfe biyu. Makaho ne, ƙyanda ta tafi da idanunsa tun yana ɗan shekara shida. Kada mai karatu ya ga na yi masa rashin ladabi da na kira shi haka. Na taɓa ce masa "mai lalurar gani", ya yi dariya ya ce, "Malam, kira ni makaho kai tsaye, sunan bai taɓa hana ni barci ba. Wannan wayar ce take hana ni."

Wannan magana tasa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. A nawa ɗan ra'ayin, matsalar da makaho yake fama da ita a manhajar sauraron waƙa, fiye da rabinta matsalar harshe ce, kuma mu ɗaliban harshe muna da hannu a ciki, ko mun sani ko ba mu sani ba. Amma kafin in kai ga wannan, ya kamata in yi wa wanda bai taɓa gani ba bayanin yadda makaho yake sarrafa wayar da ba ta da maɓalli.

A cikin wayar akwai wata manhaja mai karanta allo. A wayoyin Android, waɗanda su ne suka fi yawa a hannunmu, sunanta TalkBack. A iPhone kuwa ana ce mata VoiceOver. Idan an kunna ta, taɓa abu sau ɗaya ba ya buɗe shi, sai dai murya ta faɗi sunan abin da yatsa ya sauka a kai. In shi ake so, sai a buga allo sau biyu a jere. In ba shi ba ne, sai a shafa zuwa dama, murya ta faɗi na gaba, a shafa hagu ta koma na baya. Haka abokina yake karanta saƙo, yake tura kuɗi, yake bin labarin ƙwallo, kuma ya ƙara wa muryar sauri har ni mai ido ba na tsintar komai a cikinta. Sharaɗin dai ɗaya ne: dole kowane abu da ke kan allon ya kasance yana da suna a rubuce a bayansa, wanda mai ido ba ya gani amma muryar tana karantawa. Wanda ya ƙera manhajar shi ne yake rubuta wannan suna. In ya rubuta, makaho ya ji "kunna" ko "waƙa ta gaba". In ya yi kasala bai rubuta ba, abin da muryar za ta ce da Turanci shi ne "maɓalli", ko "ba suna", shi ke nan.

To, manhajar da abokina ya fara aikin da ita irin ta masu kasalar ce. Ba zan ambaci sunanta ba, don irinta sun fi a ƙirga. A ƙasan allonta akwai alamu biyar, mai ido yana ganin 'yar kibiya da sanduna biyu ya gane nufinsu. Shi kuwa abin da yake ji shi ne maɓalli, maɓalli, maɓalli, maɓalli, maɓalli. Da lalube ya haddace cewa na uku shi ne na kunnawa da tsayarwa. Ana cikin haka manhajar ta sabunta kanta da dare, gari ya waye na uku ya zama na cakuɗa waƙoƙi, yana dannawa ya tsinci kansa a cikin wata waƙar fim. Ga talla kuma. Kowane minti kaɗan sai talla ta rufe allo gaba ɗaya, kuma 'yar alamar rufe ta ba ta kai ƙwayar gero ba, ba ta da suna, wani lokaci ma muryar ba ta isa gare ta ko an shafa sau ashirin. Sau biyu yana neman rufe talla ya tarar an kai shi inda ake sauke wani wasa, data tana ta zuba.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne mayar da waƙa baya. Duk wanda ya taɓa rubuta waƙar baka ya san ba a jin ɗa sau ɗaya a rubuta. Makaɗi ya haɗiye kalma, 'yan amshi sun hau kansa, kalangu ko kotso ya danne muryar, ga karin harshen Sakkwato ko na Katsina wanda kunnen wani bai saba da shi ba. Sai ka koma baya da daƙiƙa biyar, ka sake komawa, har sau goma. Mai ido yana jan ɗan ɗigon nan da ke tafiya a kan layi ya ajiye shi inda yake so. A waccan manhaja layin ba ya amsa wa mai karanta allo sai da tsalle mai nisa, in abokina ya motsa shi sau ɗaya, a waƙar da ta kai minti ashirin, sai ya wuce baya da minti guda cur. Wato don ya sake jin kalma ɗaya sai ya zauna ya saurari minti guda. Ka lissafa wannan sau ɗari, za ka gane inda mako biyunsa ya tafi. Aikina a daren ƙarshe bai wuce wannan ba: ya ce "koma", in ja ɗigo, ya ce "tsaya", in tsaya. Kalmomin duk shi ya ji su, har da waɗanda ni na rantse ba Hausa ba ne.

Abin takaicin shi ne da can ba haka abin yake ba. Rikodar kaset da iyayenmu suka yi amfani da ita ba ta bambanta mai ido da makaho ba. Maɓallanta manya ne, a jere suke, ba sa sauya wuri, kana dannawa ka ji ƙas. Ko kaset ɗin kansa ana iya yi masa shaida, a ɗaura zare ko a manna wani abu, hannu ya gane wannan na Shata ne wancan na Ɗanƙwairo. Wayoyin Nokia masu maɓalli ma suna da ɗan ƙullutu a kan lamba 5, daga nan yatsa yake gane sauran, kuma a shekarun 2000 akwai manhajoji irin su Talks da Mobile Speak da makafi suke saya su ɗora a kan wayar ta riƙa magana. Da iPhone ta fito a 2007, gilashi sumul ba abin da yatsa zai kama, makafi da yawa sun ɗauka an rufe musu ƙofa ke nan. Sai a 2009 aka sa VoiceOver a cikin iPhone 3GS, a shekarar kuma TalkBack ta bayyana a Android, kodayake sai a 2011 aka kawo tsarin da mutum zai yawata yatsa a kan allo ana faɗa masa abin da ya taɓa. A 2009 ɗin ne ma kamfanin Apple ya fitar da wata 'yar ƙaramar iPod shuffle wadda ba ta da allo, murya ce take faɗin sunan waƙa da mawaƙi. Na kawo waɗannan shekaru ne don a ga cewa dabarar ba sabuwa ba ce. Fiye da shekara goma sha biyar ke nan da sanin yadda ake yi. Wanda ya saki manhaja yau da maɓalli marar suna ba zai ce ilimin ne babu ba.

Kuma abin da ake nema daga maƙerin manhaja bai taka kara ya karya ba. Ya sa wa kowane maɓalli suna, ya bar shi a inda yake. Ya yi shi da girman da yatsa zai same shi, har ma'auni kamfanonin Google da Apple suka bayar a kan haka. Ya sa maɓallin komawa baya da daƙiƙa biyar ko goma, da na rage sauri, da na maimaita wani yanki, ya sa manhajar ta tuna inda aka tsaya. Idan murya za ta yi magana kiɗa ya lafa kaɗan, in ta gama ya dawo. Maɓallin da ke jikin igiyar abin sawa a kunne ya yi aiki, don mutum ya tsayar da waƙa waya tana aljihu. Ga masu gani dishi-dishi, waɗanda sun fi makafi ɗungurungum yawa, a bar su su ƙara girman rubutu, kuma kada a rubuta toka-toka a kan fari. Akwai manhajojin da suka yi duk wannan, daga baya abokina ya samu ɗaya ta hanyar wani zauren makafi da yake ciki, inda suke gwada manhajoji suna gaya wa juna wadda ke magana da wadda ta yi gum.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce laifin injiniyoyi ne, mu nannaɗe tabarma. Amma da ya samu manhaja mai kyau, sai wata matsalar ta fito, wadda babu injiniya a cikinta. Waƙoƙin da muke nazari ba daga kantin intanet muka saye su ba. Daga hannu zuwa hannu suka zo, wani ya kwafo daga tsohon kaset, wani ya karɓo wajen masu tura waƙoƙi a memori a kasuwa, wakilin aji ya watsa a zaurenmu. Da abokina ya buɗe jakar da aka turo, muryar ta fara karanto masa sunaye: haruffa uku, sai lambobi takwas, sai wasu haruffa, sai wasu lambobin. Na gaba ma haka. Waƙa arba'in da 'yan kai, ba wadda take da suna. Wasu an rubuta musu "waƙa 1", "waƙa 2", wata kuma sunan shagon mai turawa da lambar wayarsa ne a wurin sunan mawaƙi. Ni ma ba na gane su da ido, amma ni ina iya tsalle-tsalle, in taɓa wannan in ji daƙiƙa biyu in wuce, in tuna cewa wadda nake so ita ce ta kusa da ƙasa mai tsawon minti goma sha bakwai. Shi kuwa sai ya jira an gama karanto masa lambobin nan kaf kafin ya san ko a ina yake.

Alhali kowane fayil na MP3 yana da wurin rubuta sunan waƙa da na mawaƙi da shekara, tun 1996 aka ƙirƙiro wannan tsari, kuma sigar da ta biyo baya a 1998 tana karɓar haruffan harsuna daban-daban, har da namu masu lanƙwasa. Wurin yana nan fanko, ba wanda ya cike. Wa ya kamata ya cike? Bature da ke Amurka bai san Shata yana da Bakandamiya, Narambaɗa ma yana da tasa Bakandamiyar ba, balle ya san rubuta sunan waƙa kaɗai bai isa ba sai an haɗa da na mai ita. Mai tura waƙa a kasuwa neman na abinci yake, ba shi da lokacin tantancewa. Mu da muke zaune shekara huɗu muna karanta tarihin waɗannan mutane, muna haddace cewa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, mu ne muke tura wa juna muryoyinsu ba suna, kamar kayan tsintuwa.

Na zauna wata Asabar na gyara masa sunayen, na rubuta su bisa ƙa'ida, da ƙugiya da komai, ina jin na yi abin kirki. Ya kunna, sai muka fashe da dariya mu duka biyu, daga baya ni dariyar ta tsaya mini a wuya. Muryar da ke cikin wayarsa ta Turanci ce, da ƙa'idar Turanci take karanta duk abin da ta tarar. Da ta zo kan "Dokin Iska Ɗanfilinge" abin da ya fito ba Hausa ba ne ba kuma Turanci ba. Harafin ɗ ta tsallake shi a wani wurin, a wani wurin ta tsaya tana bayyana shi da dogon sunansa na Turanci. Ɗanƙwairo, mai ƙugiya biyu, ya fita ba kai ba gindi. Harafin c ta mayar da shi k, "ts" ta raba shi biyu. Abokina ya ce, "Malam, don Allah cire mini ƙugiyoyin nan, da babu su na fi ganewa." Ka ji fa. Ɗalibin Hausa, wanda za a rage wa maki in ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", shi ne yake roƙo a ɓata masa rubutu don na'ura ta iya furtawa. Da ma ya daɗe da koyon wannan gurɓatacciyar Hausa ta na'ura, kamar yadda uwa take gane gwarancin ɗanta, har saƙonnin gida da ita ake karanta masa.

Ban ga laifin muryar ba, abin da aka koya mata take yi. Tambayar ita ce me ake bukata kafin a samu muryar Hausa ta ƙwarai a cikin mai karanta allo, kuma a nan ne karatunmu ya shigo kai tsaye. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Mu muna karanta "gari" mu san ko na zama ne ko na tuwo, mu karanta "kuka" mu san ko na hawaye ne ko na miya, "wuya" ko ta sha ce ko na rataya sarƙa, saboda jumla tana gaya mana. Na'ura sai an koya mata. Kuma sunan waƙa ya fi komai wuya, don sau da yawa kalma biyu ce ko uku tsirara, babu jumlar da za a jingina da ita. Wata 'yar ajinmu Bayarabiya da na ba ta wannan labari ta ce ai su sun huta, tunda ƙa'idar rubutunsu ta tanadi alamar karin sauti a kan wasali. Na ce mata haka ne, in an sa. Ta yi dariya, don ta san a waya su ma ba kowa yake sawa ba. Ba ina kira a sauya ƙa'idar rubutun Hausa ba ne. Ilimin yana nan a ajiye: ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna karin sautin kalmomi, na Abraham ma haka, ga nahawun Paul Newman na 2000, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ya rage shi ne a kwashe wannan ilimi a zuba shi a sigar da na'ura za ta ci, wato dubban jumloli da aka yi wa alama daidai, da murya mai tsabta da ta karanta su, da kunnuwan da za su saurari abin da na'urar ta fitar su ce nan ta yi daidai nan ta yi kwaɓa.

An fara, ba a ce ba a fara ba. Tun 2013 Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da wani aiki na muryoyin na'ura a harsuna fiye da 1,100, da Hausa a ciki, kuma yawancin abin da aka koyar da na'urar da shi karatun littattafan addini ne, don shi aka samu a naɗe. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka buɗe a 2017 don mutane su ba da muryarsu kyauta a koya wa na'ura jin magana, shi ma yana da sashen Hausa. Sai dai tsakanin a ce akwai murya a ɗakin bincike da a ce tana cikin wayar dubu sittin a hannun makaho a Sabo ta Ibadan ko Agege, tana aiki ba tare da data ba, tana karanta sunan Narambaɗa daidai, akwai tafiya. Masu yin wannan tafiya suna bukatar wanda ya san bambancin "fari" da "fari", kuma ba a sashen kwamfuta ake koyar da shi ba.

Haka batun fassara sunayen maɓallan. Na taɓa ganin wata manhaja da aka mayar Hausa, inda maɓallin kunna waƙa aka rubuta masa "wasa", saboda kalmar Turancin tana ɗaukar ma'anar biyu. Mai ido zai ga kibiya ya yi murmushi ya danna. Makaho ba shi da kibiya, kalmar ita ce duk abin da yake da shi. Kuma kalmar da za a ji sau ɗari a yini dole ta zama gajera. In ka fassara maɓalli da jumla mai kalma bakwai, kamar yadda muka saba a darasin fassara don mu burge malam, ka ɗaure mutum ke nan, sai ya saurari wa'azi kafin ya tsayar da waƙa. "Kunna", "dakata", "ta gaba", "ta baya", "cakuɗa", "maimaita", waɗannan sun wadatar, amma ko su sai an gwada su a kunnen masu amfani da su, cikin sauri, a cikin hayaniyar mota, kafin a ce sun zauna.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a ɗakin cin abinci: makaho a ƙasar nan abinci yake nema da magani, wa yake ta kiɗa? Mai wannan magana bara kawai yake gani idan an ce makaho. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 1.13 masu shekara arba'in zuwa sama makafi ne, in an haɗa da masu raunin gani matsakaici da mai tsanani adadin ya kai miliyan 4.25, kuma abin ya fi tsanani a arewa, inda arewa maso gabas take kan gaba. Yanar ido ce babbar sanadi, sai hawan jinin ido. Ma'ana yawancinsu ba da makanta aka haife su ba, iyayenmu ne da kakanninmu waɗanda suka ga duniya sannan ido ya tafi, ba su koyi rubutun makafi ba, ba su jin Turancin da muryar waya take yi. Manhajar da ake jin waƙa da ita, da ita ake jin karatu da wa'azi da labarai da darasin da aka naɗa a aji da saƙon muryar jika. Ga wanda ba ya gani ita ce ɗakin karatu. Tsohon da a da yake juya rediyonsa da kansa, yanzu sai ya jira yaro ya dawo daga makaranta ya kunna masa, kuma yaron ya san abin da kakansa yake saurare da lokacin da yake saurare. Wannan ma rashi ne, ko da ciki a ƙoshe yake.

Ballantana a ce waƙa ba ta shafi makaho ba, a gaban ɗaliban da suke nazarin Imfiraji. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da ka ya tsara ta, kuma makafi ne suka yi ta yawo da ita gari-gari suna rerawa har ta shiga kunnen waɗanda ba su taɓa riƙe littafin ba, daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A nan kudu ga Cobhams Asuquo, wanda ya yi makarantar makafi ta Pacelli a Legas, shi ya tsara kiɗan kundin Asa na farko a 2007. A Mali ga Amadou da Mariam, da suka haɗu a makarantar makafi ta Bamako suka zaga duniya da kiɗa. Mutanen da suka adana mana waƙa a ka lokacin da babu rikoda, su ne yau za a miƙa wa waƙar a cikin akwatin da ba su iya buɗewa.

Wani kuma ya ce ai yanzu magana ake yi wa waya, ka faɗi sunan waƙa ta kunna. Mun gwada. Yana aiki in waƙar tana cikin manyan rumbunan intanet kuma sunanta na Turanci ne, kuma akwai data, kuma ɗakin shiru. Tsohon kaset da aka kwafa aka sa masa lambobi goma sha biyar a matsayin suna, da wane suna za ka kira shi ya amsa? Mun dawo inda muka baro.

Ta fuskar doka, a Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, aka kuma kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta a mayar da littattafai zuwa sigar da makaho zai iya amfani da ita. Duk da haka idan ana maganar dokar, abin da aka fi ambata shi ne matakala da hanyar keken guragu, da wuya ka ji an ambaci allon waya. A Tarayyar Turai kuwa dokar da suka yi a 2019 ta fara aiki a Yunin 2025, ta shafi wayoyi da littattafan na'ura da cinikin intanet. Manyan kamfanoni suna gyara kayansu saboda tsoron irin waɗannan dokoki, mu ma mu samu, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. To amma babu dokar Turai da za ta zo ta rubuta sunan Barmani Choge a kan fayil, ko ta koya wa na'ura furta ƙ.

Shawarata ga sashenmu ba ta bukatar kasafin kuɗi. Rumbun waƙoƙin da muke gadon sa daga aji zuwa aji, a raba shi ga 'yan aji biyu a matsayin jinga, kowa ya ɗauki ashirin, ya tantance mai waƙa da sunanta, ya cike wuraren nan da ke fanko, malami ya duba kamar yadda yake duba kowane aiki. A darasin fassara, maimakon sakin layi daga tsohuwar jarida, a ba mu kalmomin manhaja mu fafata da su, a gayyato makafi su zama alƙalai. Masu neman batun kundin digiri, waɗanda kullum suke komawa kan jigo da salo a littafin da mutum goma suka riga suka tatse, ga fili nan ba kowa: yadda muryar na'ura take furta Hausa, inda take kuskure, da abin da ke jawo kuskuren. Abokina ya ce in an yarda shi zai fara ɗauka, don bayanan suna kunnensa tun shekara takwas.

Kai kuma mai karatu, in kana shakkar abin da na faɗa, shiga saitin wayarka ka kunna mai karanta allo, amma ka fara koyon yadda ake kashe shi, don na ga wanda ya kunna ya kasa fita har sai da ya zo ɗakinmu neman makaho ya cece shi. Sannan ka rufe ido, ka buɗe manhajar da kake jin waƙa da ita, ka nemo waƙa ɗaya da ka sani, ka mayar da ita baya da daƙiƙa goma. Ni da na gwada, minti shida na yi ban kai ga waƙar ba, na buɗe ido.

Jingar dai an dawo mana da ita, ya ci goma sha bakwai cikin ashirin, ni na ci goma sha uku. Zuwa yanzu mun gyara sunayen waƙoƙi 112 ni da shi da 'yar ajinmu Bayarabiya, shi yana saurare yana faɗin mai waƙar, mu muna rubutawa. Kowace mun yi mata kwafi biyu, ɗaya da ƙugiya don rumbun sashe, ɗaya babu ƙugiya don wayarsa. Akwai sauran fiye da ɗari uku a kwamfutar wakilin aji. Muna zama ranar Asabar bayan la'asar a ɗakin karatun sashe, wanda zai zo ya taho da abin sawa a kunne.